Waiwaye: Yadda Wutar Arewacin Kamaru Ta Rataya a Kan Kogi Ɗaya

Duk lokacin da zafi ya tsananta, muhawarar ɗauke wuta takan dawo a Garwa, Marwa da Ngaundere. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara suna kuka, wasu na cewa a koma ga hasken rana baki ɗaya. Amma matsalar ba jiya ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. Volta ya ƙera batir a 1800, Faraday ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da lantarki, Edison kuma ya buɗe tasharsa ta wutar lantarki a New York a 1882. Sai dai wutar Edison ba ta da nisan zango, da ta wuce kilomita ɗaya ko biyu sai ta yi rauni.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gwajin 1891 a Jamus. Injiniyoyi, ciki har da Dolivo-Dobrovolsky, sun samar da wuta daga ruwan kogin Neckar a garin Lauffen, suka ɗaga ƙarfinta da taransifoma, suka tura ta ta waya har Frankfurt, tafiyar kilomita 175. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ya isa lafiya. Daga ranar aka gane cewa ba dole tasha ta zauna cikin gari ba, kogi guda zai iya haskaka birane masu nisa. Dabara ce mai ban sha'awa ƙwarai, amma tana da sharaɗi: in kogin ya ja baya, kowa zai shiga duhu tare.

A kan wannan tunani aka gina madatsar Lagdo a kogin Binuwai a arewacin Kamaru, aka kammala ta a 1982 da ƙarfin megawat 72. A wancan zamani ta wadatar. Tun daga nan garuruwa sun cika sun batse, laka na taruwa a tafkin, damina kuma wata shekarar ta yi kyau, wata ta gaza. Ga shi an daɗe ba a haɗa layin wutar arewacin ƙasar da na kudu ba, balle a aro daga can idan ruwa ya yi ƙasa.

Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage nauyi, haka ma farantan sola da ke kan rufin gidaje da shaguna. Amma da dare, yawancin mutane har yanzu ruwan Lagdo suke jira.