Daidaita Zafi a Injin Shiɓar Auduga

Injin shiɓa shi ne wanda ke tsefe gurzajjiyar auduga a masaƙa, ya kakkaɓe dattinta, ya fitar da ita kamar igiya mai laushi kafin a kai ta wurin kaɗi. Aikin da mata ke yi da bakan shiɓa ke nan. Lewis Paul ya yi rajistar irinsa a Ingila a 1748, Richard Arkwright kuma ya fito da ingantacce a 1775.

Babban sashen injin wata gangar ƙarfe ce mai faɗin kusan mita 1.3, lulluɓe da ƙananan haƙoran waya, tana juyawa ƙarƙashin wasu sanduna masu haƙora. Ratar da ke tsakaninsu ba ta cika wuce milimita 0.3 ba, kuma a nan zafi ke yin ɓarna. Ƙarfe na buɗewa idan ya ɗumama. Ganga mai wannan girma, idan zafinta ya ƙaru da digiri 10, haƙoranta na matsawa sama da kusan milimita 0.08. Rata ta matse, haƙora su goga juna su dakushe, silin auduga ya kakkarye. Ta yi faɗi kuwa, ƙananan ƙulle-ƙulle su wuce cikin zare, sai bayan rini a gan su ɗigo-ɗigo a jikin yadi. Shi ya sa ƙwararren makaniki ba ya sakankancewa da ratar da ya auna injin na sanyi. Kamfanin Trützschler na Jamus yana sa na'urorin auna zafi a jikin injinansa domin lissafa ratar ana cikin aiki.

Danshin iskar ɗaki ma abin lura ne. Galibi ana riƙe shi tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari, ta hanyar fesa ruwa cikin iska.

A gari irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, lamarin ya fi wuya. Da hunturu injin zai kwana cikin jaura, ya ɗau zafi da hantsi, iska kuma ta bushe ƙayau, auduga ta riƙa tashi tana manne wa ƙarfe saboda lantarkin gogayya. Ƙurar nan ce ma'aikata ke shaƙa, tana kuma haddasa musu ciwon ƙirji. Da damina danshi ya yi yawa, auduga ta danƙare a haƙora, dole a tsayar da injin a share.