Kayan hangen nesa na farautar duwatsu

Kayan hangen nesa na maharban duwatsu kala uku ne: madubin hange mai ido biyu, babban madubi mai ido ɗaya, sai kuma ƙafa-uku da ake ɗora su a kai. A tsaunukan yammacin Amurka da Alaska da Alps na Turai da Pamir na Tajikistan, farauta ba yawo ba ce sosai, zama ce, mutum zai samu tudu tun da asuba ya zauna yana leƙa kwazazzabai awa biyu awa uku kafin ya ɗaga ƙafa, don a irin wurin nan tafiyar kilomita ɗaya kan iya cin rabin yini, to gara ido ya riga ƙafa zuwa.

Kowane madubi akwai lamba biyu a jikinsa, kamar 10x42. Ta farkon tana nufin zai kusanto maka da abu sau 10, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. In ka raba 42 da 10 za ka samu 4.2, wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka, in ka riƙe madubin nesa da fuska kaɗan za ka gan shi, ɗan farin da'ira a tsakiyar gilashi. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu, ta dattijo ba ta kai haka, shi ya sa 8x42 mai ɗigo 5.25 ya fi 10x42 haske da magariba, kuma dabbobin nan da asuba da magariba suka fi fitowa kiwo. Duk da haka 10x42 ne akasarin maharba ke ratayawa a jakar ƙirji. Daga 12 zuwa sama kam hannu ba ya iya riƙe shi tsit, bugun zuciyarka ma sai ya girgiza hoton, balle wanda ya hau dutse yana haki.

Nan ne ƙafa-uku ke shigowa, kuma gaskiya ita ce aka fi rainawa alhali ita ce ke sa tsadar madubin ta yi amfani. Idan hoto ya tsaya cak, abin da ke motsi shi kaɗai ke motsi, sai ka ga kunne ya kaɗa a ƙarƙashin itace ko ƙaho ya juya a cikin inuwar dutse, abin da a hannu ba za ka taɓa lura da shi ba. Masu farautar ƙaramar barewar Coues a Arizona da Sonora sun yi suna da ɗora ƙaton 15x56 a kan ƙafa-uku, saboda barewar launin toka gare ta, ta saje da dutse har ana mata laƙabi da fatalwa. Ana yin ƙafa-uku da alminiyam ko kabon, na kabon ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya daskarar da hannu a sanyi, sai dai kuɗi. Kan da ake ɗaurawa ma iri biyu ne, mai ƙwallo da mai hannu, mai hannun ya fi daɗin share tsauni layi-layi daga hagu zuwa dama. Tunda a zaune ake aikin, ba dole sai doguwar ƙafa-uku ba.

Shi kuma babban mai ido ɗaya, irin 15-45x65 ko 20-60x85, wato wanda ake iya ƙara masa kusantowa daga sau 15 zuwa 45 ko daga sau 20 zuwa 60, ba don nema aka yi shi ba, leƙe da ido ɗaya na gajiyarwa. Aikinsa tantancewa. A yawancin yankunan Alaska doka ba ta yarda a harbi ragon dutsen da ake kira Dall ba sai ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, ko dukkan ƙahonin biyu sun karye a baki, ko ya kai shekara 8 in an ƙirga zoben ƙahon, kaga kuwa ƙirga zobe daga nesa ba aikin 10x42 ba ne, kuskure kaɗan sai tara da ƙwace. Haka masu bin ragon dutse a yammacin Texas, irin wanda asalinsa na duwatsun Arewacin Afirka da Sahara ne har da Ayar a Nijar, da shi suke auna girman ƙaho kafin su yanke shawarar hawa. Mai gilashi 85 ya fi haske amma ya doshi kilo 2, mai 65 ya fi dacewa da wanda zai goya kayansa kwana da kwanaki. Akwai miƙaƙƙe akwai mai lanƙwasa digiri 45, mai lanƙwasar ya fi sauƙi ga wuya in ana kallon sama. Kuma sau 60 ɗin nan da ake talla da shi, da rana ta yi zafi kawalwalniya ke cinye shi, hoton ya riƙa rawa kamar ruwa, dole ka sauko 30 ko 40.

Ta wajen ƙira, firizim ɗin cikin madubi, wato gilashin da ke juya hoto ya miƙe daidai, ko dai irin na Ignazio Porro ne, ɗan Italiya da ya yi rajistarsa a 1854, wanda ke sa madubin ya yi faɗin kafaɗa, ko kuma miƙaƙƙen nan siriri da ya mamaye kasuwa yanzu don ya fi shiga jaka. Manyan sunaye su ne Swarovski na Ostiriya, Zeiss da Leica na Jamus, sai Leupold da Vortex na Amurka, Nikon da Kowa na Japan. Masu kyau ana cika cikinsu da iskar naitirojin ko agon don kada gilashi ya yi gumi ta ciki in an fito daga tanti zuwa sanyi. Mai sa tabarau kuma ya duba tazarar ido, wato nisan da ido zai iya yi da gilashin baya ya ci gaba da ganin hoton duka, in ta gaza milimita 15 zai riƙa ganin hoton kamar ta cikin bututu.