Takarar shugabancin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya: waɗanne sharuɗɗa ne, kuma wa suke tarewa?

Duk bayan shekara biyu, a watan Yuli, lauyoyin Najeriya kan zaɓi shugabannin ƙungiyarsu ta ƙasa, NBA, a rantsar da waɗanda suka ci a babban taron shekara da ake yi cikin Agusta. Wanda ba lauya ba zai iya cewa ina ruwana. Akwai ruwansa kuwa. Kundin tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ba ƙungiyar damar gabatar da lauyoyi biyar da za su zauna a hukumar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, idan ana duba sunayen waɗanda za a naɗa alƙalan manyan kotuna. Ke nan masu riƙe da ƙungiyar suna da hannu, ko da a kaikaice ne, wajen zaɓen alƙalin da gobe zai saurari shari'ar gonarka ko ta gadonku.

Dokar da ke tafiyar da zaɓen ita ce kundin tsarin mulkin ƙungiyar na 2015, wanda aka yi wa gyare-gyare, ciki har da na 2019 da 2021. Babban abin da ya zo da shi shi ne rushe tsarin deliget. A da, rassa ne ke tura wakilai su taru a gari guda su zaɓi shugabanni, tsarin da aka runguma bayan rikicin taron Fatakwal na 1992, wanda ya bar ƙungiyar babu shugabanni na ƙasa har 1998. Daga 2016 aka koma 'yar tinƙe: kowane lauya da ya cika sharaɗi yana da ƙuri'a ɗaya, kuma ta intanet zai kaɗa ta daga inda yake. Abubakar Balarabe Mahmoud na Kano shi ne ya fara cin zaɓe a wannan tsari, da ƙuri'a dubu 3 da 'yan kai. A 2022 kuwa Yakubu Maikyau, ɗan jihar Kebbi, ya samu fiye da 22,000. Ƙofar jefa ƙuri'a ta buɗe sosai. Ta tsayawa takara ce har yanzu take a tsuke.

Sharaɗin farko kuɗi ne, amma ba irin na 'yan siyasa ba. Kowane lauya yana biyan kuɗin izinin aiki na shekara, kuma wa'adinsa 31 ga Maris. Bisa dokar aikin lauya, kashi tara cikin goma na wannan kuɗi asusun NBA yake komawa. Akwai kuma kuɗin reshe, wanda lauya ke biya a reshen da yake, Kano ne ko Ungoggo, Kaduna ko Barnawa. Mai jefa ƙuri'a, na shekarar zaɓe kaɗai ake nema a wurinsa. Ɗan takara kuwa sai ya nuna ya biya duka biyun shekara uku a jere, har da shekarar zaɓen, kuma kowanne a kan lokacinsa. Nan ne mutane ke faɗuwa. Wanda ya yi sakaci ya biya na shekarar farko a watan Afrilu, ko da ya haɗa da tara, ba shi da yadda zai koma baya ya gyara. Kwamitin zaɓe ba ya duba ko kai ƙwararre ne a kotu. Kwanan watan da ke jikin rasit yake dubawa.

Kuma ba rasit ɗinka kaɗai ba. Fom ɗin takara sai wani lauya ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, kuma su biyun dole su cika irin sharuɗɗan da ake nema ga mai neman wannan kujera. Idan mai mara maka baya ya makara wajen biyan kuɗin reshensa, laifinsa kai zai ci.

Sai shekarun aiki. Mai neman shugabanci dole ya kai shekara 15 da zama lauya. Kujerun tsakiya, irin su ma'aji da sakataren yaɗa labarai da na walwala, shekara 10 ake nema, na mataimakan sakatarori kuma 5. Babu inda kundin ya ce sai mai lambar SAN, ta manyan lauyoyi, zai shugabanci ƙungiyar, ko da yake al'ada ta daɗe tana nuna kamar haka ne. Olumide Akpata ya karya wannan a 2020, lokacin da ya kada manyan lauyoyi biyu masu SAN, Babatunde Ajibade da Dele Adesina, da goyon bayan matasan lauyoyi. Da tsarin deliget ake, da wuya hakan ta faru.

Sharaɗin da ya fi tace mutane, a ganina, shi ne na zama a majalisar zartarwa ta ƙasa, wadda lauyoyi ke kira NEC. Mai son zama shugaba, ko mataimaki na ɗaya, ko babban sakatare, sai ya taɓa zama ɗan wannan majalisa na aƙalla shekara biyu kafin a gabatar da sunansa. To, wa ke shiga NEC? Shugabannin ƙungiya na ƙasa, tsofaffin shugabanni da tsofaffin manyan sakatarori, shugabannin rassa da sakatarorinsu, shugabannin sassan ƙungiyar irin na dokokin kasuwanci, sai kuma waɗanda ake ɗaukowa a ƙara ba tare da zaɓe ba. Hanya madaidaiciya ita ce mutum ya fara daga reshe, ya yi sakatare ko shugaba. Afam Osigwe, wanda ya ci a 2024, ya shugabanci reshen Abuja, ya kuma yi babban sakatare na ƙasa. Akpata ya shugabanci sashen dokokin kasuwanci.

Hikimar sharaɗin a fili take: kada wanda bai san cikin gida ba ya faɗo daga sama da kuɗinsa ya karɓe ƙungiya. Sai dai ƙofar nan ta ɗauko mutum a ƙara a NEC tana ba shugabancin da ke kai dama babba. Wanda aka ɗauko yau, bayan shekara biyu ya cancanci neman kujerar shugaba; wanda aka ƙi ɗauka, kuma siyasar reshensa ba ta yi da shi, zai iya shekara 30 yana aiki bai cancanta ba. Ga ƙananan kujeru an sassauta, zama a kwamitin zartarwa na reshe ko na wani sashe ya isa.

Akwai kuma batun inda mutum yake aiki. Kujerar shugaba ta lauya mai zaman kansa ce. Lauyan gwamnati da ke ma'aikatar shari'a yana biyan kuɗinsa, yana jefa ƙuri'a, amma ba zai nemi wannan kujera ba. Hujjar ita ce, ƙungiyar da aikinta ya haɗa da faɗa wa gwamnati gaskiya bai kamata ma'aikacin gwamnati ya ja ta ba. Hujja ce mai ƙarfi, musamman ga ƙungiyar da ta taɓa ganin an ɗauke shugabanninta guda biyu daga kan kujera an ba su Antoni Janar na tarayya: Clement Akpamgbo zamanin Babangida, da Bayo Ojo a 2005 zamanin Obasanjo. Amma a jihohin da ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu ba su da yawa, inda ma'aikatar shari'a ce ke ɗauke da ƙwararru da dama, wannan sharaɗi yana rage yawan waɗanda za su iya fitowa, kuma lauyoyin gwamnati sun daɗe suna ƙorafi a kai.

Abubuwan da ke hana mutum takara kai tsaye sanannu ne: wanda ba ɗan Najeriya ba, wanda kotu ta kama da laifi ko kwamitin ladabtar da lauyoyi ya same shi da saɓa ƙa'idar aiki, wanda aka yanke cewa ya karye bashi ya fi ƙarfinsa, da wanda aka tabbatar ba shi da cikakken hankali. Ɗaya da ke ba mutane mamaki shi ne katin jam'iyya. Lauyan da yake ɗan jam'iyyar siyasa mai rajista ba zai riƙe kujerar ƙasa ba, alhali lauyoyi da siyasa kamar ɗan jumma ne da ɗan jummai.

Yanzu ga karɓa-karɓa, wadda ita ce ke tantance wanda zai ma sayi fom tun farko. NBA ba ta bin shiyyoyi shida da aka saba ji a siyasar ƙasa. Nata uku ne: Arewa, Gabas da Yamma. Arewa ta haɗa har da Kwara da Kogi da Binuwai. Yamma ta haɗa ƙasar Yarabawa da Edo da Delta. Gabas ta ɗauki ƙasar Ibo da jihohi irin su Ribas da Akwa Ibom. Shugabanci yana zagayawa: Arewa a 2016, Gabas a 2018 inda Paul Usoro ya ci, Yamma a 2020, Arewa a 2022, Gabas a 2024. Wa'adi ɗaya ne na shekara biyu, babu tazarce. Mataimaki na ɗaya daga shiyyar shugaba yake fitowa, don idan kujerar ta zama babu kowa shiyyar ba ta yi asarar zagayenta ba. Mataimaka na biyu da na uku kuma daga sauran shiyyoyin biyu. Asalin mutum ake bi, ba garin da ofishinsa yake ba. Usoro a Legas yake aiki, amma a zagayen Gabas ya tsaya saboda ɗan Akwa Ibom ne.

Kundin ya ce ko a cikin shiyya ɗaya a riƙa zagayawa tsakanin ɓangarorinta, sai dai wannan magana ta fi sauƙi a takarda. A nan ne ƙungiyoyin shiyya ke shigowa, irin su dandalin lauyoyin Arewa da Egbe Amofin na Yarabawa, suna ƙoƙarin tsayar da mutum ɗaya. Amincewarsu tana da tasiri, amma ba doka ba ce. Wanda ba su ɗauka ba yana iya tsayawa, ana kuma tsayawa. Shi ya sa 'yan shiyya ɗaya kan kara da juna: Joe-Kyari Gadzama, shi ma ɗan Arewa, ya kara da Mahmoud a 2016, ya sake karawa da Maikyau a 2022.

Dokar kamfe tana da tsauri a rubuce. An hana raba kyaututtuka da kayan talla, an hana karɓar tallafin kuɗi daga gwamnati, an hana ɗaukar nauyin rubutun ɓata abokin takara. Abin da aka tsara shi ne ɗan takara ya miƙa tarihinsa da manufofinsa ga kwamitin zaɓe, ECNBA, shi kuma ya wallafa wa kowa. A aikace, duk wanda ya halarci makon lauyoyi na wani reshe a shekarar da ta gabaci zaɓe ya san masu neman kujera ba sa zama a gida. Ana zuwa gaisuwa, ana zuwa ta'aziyya, ana ba da gudummawar taro, ba a dai kiran abin da sunan kamfe. Wannan ne ya sa takarar shugabanci take da tsada duk da dokar da aka yi don rage tsadarta.

ECNBA ne ke fitar da sanarwa, ya karɓi fom, ya tantance, ya wallafa sunayen masu jefa ƙuri'a, ya kuma ɗauki kamfanin da zai gudanar da zaɓen ta intanet. Wanda aka cire a tantancewa, ko ya faɗi bai gamsu ba, akwai kwamitin ɗaukaka ƙara na cikin gida da zai fara zuwa, kuma wa'adin shigar da koke gajere ne. Wasu ba sa tsayawa nan. Gadzama ya je kotu kan zaɓen 2016. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a kowane zagaye: sunaye sun ɓace daga rajista, saƙon jefa ƙuri'a bai iso wa wasu ba, an ƙi buɗe bayanan na'ura a bincika.

Ba kujerun shugabanni kaɗai ake nema ba. Dokar aikin lauya ta kafa babbar majalisar lauyoyi wadda Antoni Janar na tarayya ke shugabanta, tare da na jihohi da wakilan NBA 20, kuma su ma waɗannan 20 ɗin zaɓensu ake yi.

Idan zagayen ya ci gaba yadda yake kuma ba a sauya kundin ba, shugabanci zai dawo Arewa a 2028. Mai wannan buri zai buƙaci rasit na 2026 da 2027 da 2028, na ƙasa da na reshe, kowanne kafin ƙarshen Maris, da shekara biyu cikakku a NEC kafin ranar miƙa fom.