Tsohuwar Kwamfutar Gem: Me Za A Fara Canzawa Idan Kuɗi Kaɗan Ne?

Ina gyaran kwamfuta a wani gari cikin ƙaramar hukumar Ringim. Yawancin waɗanda samari ke kawo min kwamfutocin tebur ne na hannu, irin Dell OptiPlex da HP, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso mana. Abin da ya fi ci min rai shi ne in ga yaro ya sayar da buhun riɗi ya sayo abin da kwamfutarsa ba ta buƙata. Shi ya sa na haɗa tambayoyin da aka fi yi min.

Gem yana sarƙewa. Me zan fara saya?

Kada ka sayi komai tukuna, ɗan'uwa. Buɗe murfin ka duba. Bayan hunturun bara wani yaro ya ɗauro tasa a bayan babur, yana cewa, "Malam, katin hoton ne ya mutu." Da muka buɗe, ƙura ta cushe fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar an tura auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe yana ɓarewa kamar laka a rani. Furosesar Intel idan zafinta ya doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma wannan ne sarƙewar da yake gani. Muka kaɗe ƙurar da burushi, muka goge tsohon man muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A ranar ya buga gem ɗinsa na ƙwallo lafiya. In za ka hura iska, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Bayan haka ka kunna gem ɗin, ka buɗe Task Manager na Windows. Wanda ka ga ya cika maƙil tsakanin furosesa, ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), faifan ajiya da katin hoto, shi ne mai riƙe da kai.

Tsakanin SSD da ram, wanne ne gaba?

In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mara juyawa, shi ne gaba. Irin mai haɗin SATA yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, tsohon faifan kuwa bai cika wuce 150 ba. Kwamfuta za ta tashi da wuri, gem zai buɗe da wuri. Amma kada mai shago ya ruɗe ka: SSD ba ya ƙara wa hoto santsi a tsakiyar wasa.

Ram kuwa, in gig 4 gare ka, kai shi 8, in da hali 16. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, don madabod, wato babban allon da ake jona komai a kansa, yana jan su tare. Ka kuma san irin naka. Kwamfutocin Intel na zubi na 2 zuwa na 4 DDR3 suke ɗauka, kuma DDR4 ba ya shiga raminsu, tsagar ma ba a waje ɗaya take ba. Cire sanda guda ka tafi da ita kasuwa.

To katin hoto fa? Ai shi ne gem ɗin.

Gaskiya ne, kuma a nan ake yawan asara. Abu biyu za ka auna kafin ka ji farashi: faɗin akwatin da ƙarfin fawar da ke ba kwamfutar wuta. Kwamfutocin ofis fawarsu ƙarama ce, galibi wat 240 zuwa 290, kuma ba ta da igiyar da ake sa wa manyan katuna. Irin waɗannan, katin da ke shan wuta daga ramin madabod kawai ya dace da su, shi kuma ramin wat 75 yake bayarwa. GTX 750 Ti na 2014, da GTX 1050 Ti na 2016, da GTX 1650 na 2019 duk a wannan layin suke, sai dai wasu samfuransu suna zuwa da wurin ƙarin igiya, don haka ka juya katin ka duba. In akwatinka siriri ne, ka nemi ɗan gajeren samfurin, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Da 1050 Ti za ka buga GTA V da wasannin PES cikin jin daɗi.

RX 580 na AMD, wanda ya fito a 2017, ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yakan yi araha a hannu. Amma shi kaɗai yana shan kusan wat 185, yana buƙatar babbar fawa mai igiyarsa, kuma da yawansu sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana kafin a sayar. Ni a ƙauye ba na ba da shawararsa sai ga mai babban akwati da wuta tsayayya.

Me ya haɗa wuta da zaɓen kati?

Komai ma. Yawancinmu a nan sola da batir ne, ko ɗan janareta. Kwamfuta mai ƙaramin kati za ta daɗe a kan batir, mai RX 580 kuwa tun kafin isha'i inbata ta fara kuka. Sannan wutar da ke hawa da sauka ita ke kashe fawa, fawa mara kyau kuma takan tafi da madabod. Sitabilaiza ya fi maka ƙarin gig takwas na ram amfani.

In canza furosesa?

Sai a ƙarshe. Daga i3 na zubi na 4 zuwa i5-4570 ko i7-4770 yana yiwuwa, don rami ɗaya suke shiga, wato LGA1150. In kana da i5 tuni, bar shi.

An ce Windows 10 ta ƙare. Dole in sauya kwamfuta?

Microsoft ta daina ba ta tallafin yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Tsohuwarka za ta ci gaba da buga gem. Kawai ka daina shiga asusun banki da ita, ka kuma kula da filashin da abokai ke kawo maka.

In na je Kano, ta yaya zan gane kati mai lafiya?

Ko a Beirut Road ne ko a Farm Centre, kada ka biya sai an jona an kunna a gabanka. A sa gem ya yi minti ashirin, ka zuba wa allo ido: ɗige-ɗige masu launi ko layuka alamar ciwo ne. Ka saurari fanka, ka shinshina ko akwai ƙauri. Ka sa a buɗe manhajar GPU-Z, don akwai tsofaffin katuna da ake liƙa wa sunan 1050 Ti, kuma takan tona su. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar katin da kwanakin da za ka iya mayarwa, domin daga Ringim zuwa Kano kuɗin mota ne sau biyu.