Cewa "ban gamsu ba" a gaban alƙali ba shi ne ɗaukaka ƙara ba

Tun da daɗewa ake faɗa a tsakanin Hausawan Makka da Jidda cewa da zarar ka shaida wa alƙali ba ka gamsu da hukunci ba, shi ke nan, ƙara ta hau sama. Ba haka dokar Saudiyya ta tsara ba.

A shari'ar haƙƙoƙi, wato wadda ba ta laifi ba, kwana 30 gare ka ka shigar da rubutaccen ƙorafi, kwana 10 idan lamarin gaggawa ne. Wa'adin na wucewa, hukunci ya tabbata. Takardar sai ta ɗauki lambar hukuncin, ranarsa, kurakuran da kake gani ɗaya bayan ɗaya da dalilansu, da abin da kake nema. "An zalunce ni" kaɗai ba dalili ba ne.

Inda aka fi tuntuɓe kuwa tun a kotun farko ne. Idan kana ganin kotun garin ba ta da hurumi, faɗi kafin ka fara kare kanka, in ba haka ba damar ta faɗi. Sabuwar buƙata ma ba a karɓarta a sama.

Don tabbatarwa, karanta takardar hukuncinka da babin ɗaukaka ƙara a dokar Saudiyya ta tsarin gudanar da shari'a a kotu, ko ka tambayi lauya mai lasisi. A tura wa 'yan'uwa.