Koyar da ƙananan yara tarihin makarantun kwana na 'yan asalin Kanada

Makarantun kwana na 'yan asalin Kanada makarantu ne da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsu, coci-coci kuma suka gudanar da akasarinsu; sun wanzu daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1990. Yara kusan 150,000 daga al'ummomin da ake kira Al'ummomin Farko, da Inuit, da Metis suka ratsa ta cikinsu. Manufar a bayyane take: a raba yaro da iyayensa, da harshensa, da al'adunsa. Ana aske masa gashi, a canza masa suna ko a ba shi lamba, a duke shi in ya yi harshen gida. A 1920 aka gyara dokar da ta shafi 'yan asalin ƙasar, zuwa makaranta ya zama dole ga yaro mai shekara 7 zuwa 15. Tarin fuka da yunwa da cin zarafi sun kashe da yawa; cibiyar da ke ajiye bayanan a Jami'ar Manitoba ta tattara sunaye da bayanan yara fiye da 4,000 da ba su koma gida ba.

Shekaru da dama littattafan makaranta a Kanada ba su cika tada wannan zance ba. Abin ya sauya ne bayan Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa ranar 11 ga Yuni, 2008, aka kuma kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda mai shari'a Murray Sinclair ya jagoranta daga 2009. Hukumar ta saurari shaidu fiye da 6,000, ta kira abin da aka yi kisan ƙare dangi na al'ada, sannan a 2015 ta fitar da buƙatu 94. Buƙata ta 62 ta nemi a sa wannan tarihi cikin manhaja, ya zama wajibi tun daga ajin share fage har aji na 12, gwargwadon shekarun ɗalibi.

A nan ne aikin yake. Yaya za a gaya wa ɗan shekara biyar an yi wa sa'o'insa haka, ba a ɓoye masa gaskiya ba, ba a kuma firgita shi ba? Hanyar da malamai suka fi bi ita ce su fara da abin da yaro ya sani: gida, kaka, suna, kayan sawa. Shi ya sa labarin Phyllis Webstad ya zama ƙofar shiga. A 1973, tana da shekara shida, kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan goro domin ranar farko a makarantar mishan ta St. Joseph, kusa da Williams Lake a lardin Birtish Kolombiya. Tana isa aka tuɓe mata rigar, ba ta sake ganinta ba. Yaron da bai san ma'anar mulkin mallaka ba ya san zafin a ƙwace masa abin da kakarsa ta ba shi, daga nan kuwa tambayoyi ke fitowa da kansu: me ya sa ba a mayar mata ba, ina mamarta take.

Daga wannan labari Ranar Riga Ruwan Goro ta samo asali a 2013, ana yin ta kowace 30 ga Satumba, lokacin da a da ake kwasar yara zuwa makarantun. Takenta shi ne kowane yaro yana da daraja. A 2021 gwamnatin tarayya ta mayar da ranar hutu, ta sa mata suna Ranar Gaskiya da Sulhu ta Ƙasa, kwanaki kaɗan bayan al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc, ɗaya daga cikin Al'ummomin Farko, ta sanar cewa na'urar duba ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun da ake zaton kaburbura ne a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Kamloops.

A ƙananan azuzuwa ba a shiga bayanin duka ko lalata. Wannan sai ɗalibi ya girma. Ana karanta littattafai masu hotuna da marubuta 'yan asalin ƙasar suka rubuta, ana yanke takarda surar zuciya a kafa ta a lambun makaranta, ko a yi wa 'yan guntayen katako ado, kowanne a madadin yaro ɗaya da ya rasu, kamar yadda shirin da malama Sylvia Smith ta faro a Ottawa yake yi. Wasu makarantu kan gayyato dattijo ya zo ya yi magana, a karɓe shi da kyauta bisa al'adar mutanensa. Masu horar da malamai suna gargaɗi a kan abu biyu: kada a sa yara su yi wasan kwaikwayo da wahalar, kada kuma a nuna yaro ɗan asalin ƙasar a ce ya yi bayani a madadin danginsa, domin mai yiwuwa kakarsa na cikin waɗanda abin ya shafa. Suna kuma jan kunne kada darasin ya tsaya a kuka kawai, har yaro ya ɗauka mutanen sun ƙare. Don haka ake haɗawa da koyar da gaisuwa a harshen Kri ko Inuktitut, da sunan al'ummar da makarantar ke kan ƙasarta.

Aiwatarwa dai ba ɗaya take ba, saboda a Kanada larduna da yankuna ne ke tsara manhaja. A lardin Alberta an yi ta ce-ce-ku-ce a 2021 kan daftarin manhajar da masu suka suka ce ya jinkirta batun makarantun kwana har zuwa aji na 5.