Akwatin nan mai tambayar kukis, me doka ta ce a kansa ne?

Duk mai hawa intanet ya san akwatin nan, ka buɗe shafi kana son karanta labari ko ka duba farashin wani abu, kafin ka ga komai sai ya faɗo ya rufe rabin fuskar wayar yana cewa wai suna amfani da kukis, ka danna ka yarda. Yawancinmu ko karantawa ba ma yi, dannawa kawai muke don ya kauce mana. To gaskiya abin da nake so mu fahimta shi ne wannan akwatin ba don ado aka sa shi ba, dokar Turai ce ta tilasta, kuma in ta shafe ka ta ba ka ikon cewa a'a cikin sauƙi daidai da yadda za ka ce e. Wahalar da kake sha wajen neman maɓallin ƙin yarda, wannan ba daga doka take ba, masu shafin ne suka shirya ta haka da gangan.

Bari mu fara da shi kansa kukis ɗin. Ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi yake ajiyewa a cikin burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita irin su Chrome, sau da yawa ma lamba ce kawai doguwa haɗe da haruffa. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, saboda asalin yadda aka gina yanar gizo, shafi ba ya tuna kowa, kana matsawa daga wannan fejin zuwa wancan ya manta da kai. Kamar ɗan katin lamba ne da ake ba ka in ka ba da ajiyar jaka, in ka dawo ka nuna katin sai a gane kai ne. Shi ya sa in ka shiga akawun ɗinka ba a sake tambayarka kalmar sirri a kowane feji, kuma kayan da ka zuba a kwandon sayayya suna nan ko ka je ka duba wani abu ka dawo. Wannan ba matsala ba ce, babu wanda yake faɗa da shi.

Inda gizo yake saƙa shi ne shafin da ka buɗe ba shi kaɗai ba ne a wurin. A cikinsa akwai talla da wani kamfani ya kawo, akwai maɓallin so na wata kafar sada zumunta, akwai bidiyon da aka jawo daga wani wuri, akwai manhajar ƙirga baƙi, kuma kowannensu zai iya ajiye nasa kukis a burauzarka. Tunda kamfanin talla ɗaya yana nan a dubban shafuka, duk inda ka leƙa lambarka ɗaya yake gani, sai ya riƙa haɗawa, jiya ka duba takalmi, yau ka karanta bayani kan ciwon suga, da daddare ka nemi yadda ake karɓar bashi. Ko bai san sunanka ba ya san abin da yake damunka. Shi ya sa takalmin da ka kalla sau ɗaya yake bin ka har cikin shafin labaran ƙwallo. Kuma a ɗan lokacin da feji yake buɗewa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ana yin gwanjon gurbin tallar, a aika bayanan mai kallo ga kamfanoni da yawa su taya, wanda ya fi tsada shi ne tallarsa za ta bayyana gabanka. Shafin kyauta ne a wurinka, amma ai banza ba ta kai zomo kasuwa.

To dokar fa? Tushenta Tarayyar Turai ne. A 2002 suka yi dokar sirri a harkar sadarwa, wadda ake kira ePrivacy, sai a 2009 aka yi mata gyara, kuma gyaran nan ne ya haifo akwatunan da suka ishe mu. Sashe na 5, sakin layi na 3, abin da ya ce a taƙaice shi ne ba wanda zai ajiye wani bayani a na'urarka, ko ya karanta bayanin da yake cikinta, sai ya yi maka bayani dalla-dalla kuma ka yarda. Wurare biyu kaɗai aka ɗaga ƙafa: in abin dole ne don saƙon ya isa, ko kuma in ba makawa sai da shi za a iya yi maka aikin da kai da kanka ka nema. Kukis na shiga akawun, na kwandon sayayya, na tsaro, duk sun faɗa nan, ba sai an tambaye ka ba. Ke nan shafin da bai sa komai ba sai irin waɗannan, ko akwatin ma ba ya buƙata. Galibi in ka ga an tare ka da neman izini, akwai abin da suke so wanda ya wuce na dole.

Sai dai shekaru da yawa kamfanoni wasa suka yi da ma'anar yarda. Wasu su rubuta a ƙasan feji cewa in ka ci gaba da amfani da shafin nan to ka yarda, shi ke nan. Wasu su kawo akwatuna an riga an sa musu alamar amincewa, in ba ka cire ba su ce ai ka yarda. Wannan ƙofar aka zo aka rufe da babbar dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Ita ce ta fayyace cewa yarda sai ta kasance da son ranka ba tilas, a kan takamaiman abu, bayan an sanar da kai, kuma ka nuna ta da wani aiki ƙarara. Shiru ba yarda ba ne, gungura feji ƙasa ma ba yarda ba ne. Akwai kuma wata gaɓa da mutane ba su cika sani ba, sashe na 7 ya ce janye yarda dole ya zama da sauƙi kamar bayar da ita, wato in da danna ɗaya ka amince jiya, yau in ka canza ra'ayi bai kamata sai ka rubuta musu wasiƙa ba.

A Oktoba 2019 babbar kotun Tarayyar Turai ta ƙara buga hatimi a shari'ar Planet49, wani kamfanin Jamus da ya shirya gasar cin kyauta a intanet ya sa akwatin yarda da kukis a cike tun kafin mutum ya taɓa. Kotu ta ce wannan ba yarda ba ce. Ta kuma ce dole a gaya wa mutum tsawon lokacin da kukis ɗin zai zauna a na'urarsa da kuma ko wasu na waje za su samu damar ganinsa, sannan ƙa'idar tana aiki ko da bayanin da aka ajiye bai ƙunshi sunan kowa ba. Wannan na ƙarshen ya burge ni ƙwarai, domin yana nufin wayarka ko kwamfutarka ita kanta ake karewa, taka ce, ba kowa ne zai zo ya ajiye abu a ciki don kawai ya ce ai bai san sunanka ba.

Kuma ba magana ce ta fatar baki ba, an ci tarar manya. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, a Disamba 2020 ta ci Google tarar yuro miliyan 100, Amazon kuma miliyan 35, saboda suna ajiye kukis na talla a na'urar mutum tun bai ce komai ba. A farkon 2022 ta sake sanar da tarar miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, a wannan karon laifin shi ne yarda danna ɗaya ce amma ƙin yarda sai ka bi matakai da yawa. Ka ga dai abin nan da muke fama da shi kullum, maɓallin yarda ƙato mai launi, na ƙin yarda kuma an ɓoye shi a cikin saituna da ƙaramin rubutu mai dishi-dishi, ka shiga ka tarar da jerin sunayen kamfanoni ɗaruruwa wai ka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan tarar ne Google ya fito da maɓallin ƙin duka a Turai kusa da na yarda. Ashe dama za su iya, ba su ga dama ba ne. Wata ƙungiya mai suna noyb, ta lauyan nan ɗan Ostiriya Max Schrems, ita ma a 2021 ta shigar da ƙorafe-ƙorafe sama da 400 a kan shafukan da suke irin wannan wayon.

Wani zai ce to ni da ba a Turai nake ba me ya kawo min akwatin? Dalilin shi ne GDPR tana bin duk kamfanin da yake hulɗa da mutanen da ke cikin Turai ko yake bibiyar abin da suke yi, ko da shi kamfanin a wata nahiya yake, tarar kuma tana iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a duk duniya a shekara, duk wanda ya fi yawa. Saboda haka shafuka da yawa sun ga ya fi musu sauƙi su nuna wa kowa akwatin. Amma fa a kula, ganin akwatin ba ya nufin dokar Turai ta rufe ka, wannan ya danganta da inda kake da inda kamfanin yake, in babu alaƙa da Turai to dokar ƙasarka ce madogararka. Ingila tana da tata mai suna PECR tun 2003, kusan tafiyarsu ɗaya da ta Turai. Amurka kuwa ba ta da doka guda ta tarayya a kan wannan, jihohi ne suke yi, kuma salonsu daban ne. A Kalifoniya, inda dokar CCPA ta fara aiki a Janairu 2020, ba a neman izininka tun farko, ana tattarawa ne sai in kai ka ce kar a sayar da bayananka. Bambancin ba ƙarami ba ne, a Turai nauyin tambaya yana kan kamfani, a can nauyin hanawa yana kanka, kuma ni a ganina na Turai ya fi adalci domin mutum nawa ne zai tsaya neman inda zai hana?

Yanzu kuma ga inda abin ya fi damuna. Mutane sun ji ana ta maganar kukis sai suka ɗauka in sun goge shi sun tsira, alhali masu bibiya sun daɗe da yin gaba. Akwai ɗigon hoto ƙanƙani wanda ido ba ya gani, ana dasa shi a feji ko a cikin imel, kana buɗewa ya kai rahoto cewa ka buɗe, da lokacin, da irin na'urar. Akwai kuma wanda ya fi wannan, a tattara ƙananan bayanai na na'urarka, girman fuskarta, yaren da ka saita, agogon yankinka, nau'in burauza, irin salon rubutun da ke ciki, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne amma in an haɗa su sai su zama kamar zanen yatsa, da wuya a samu wani mai irin naka sak. Wannan babu abin da za ka goge, don ba a ajiye komai a wurinka ba. A cikin manhajojin waya kuma akwai lambar talla da kowace waya take da ita. Abin da ya taimaka shi ne sashen nan na 5 na dokar ePrivacy tun asali bai ɗaure kansa da kukis kaɗai ba, maganar ajiyewa da karantawa a na'ura yake yi, shi ya sa hukumar da ta haɗa masu kula da kare bayanai na Turai ta fitar da jagora cewa waɗannan dabarun ma suna ƙarƙashinsa. A takarda dai an rufe, amma kama mai yi yana da wuya tunda kai ba ka gani.

Masu burauza sun ɗan taimaka. Firefox ya fara toshe kukis na masu bibiya kai tsaye a 2019, Safari ya toshe na kamfanonin waje gaba ɗaya a 2020, sannan a 2021 Apple ya sa dole manhaja ta tambaye ka kafin ta bi ka zuwa wasu manhajoji. Google ya yi alkawari a 2020 cewa zai cire irin waɗannan kukis daga Chrome cikin shekara biyu, aka yi ta ɗagawa, a 2024 ya ce ya fasa. Ba abin mamaki ba ne tunda da talla yake ci.

Sabuwar rigimar kuma ita ce ta ka yarda ko ka biya. A ƙarshen 2023 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta ce wa masu amfani da su a Turai ko dai su yarda a bibiye su don talla ko su riƙa biyan kuɗi duk wata. Tambayar ita ce yardar da aka karɓa da barazanar biya, da son rai aka ba da ita? Hukumar Tarayyar Turai dai a Afrilu 2025 ta ci Meta tarar yuro miliyan 200 a kan wannan tsarin, a ƙarƙashin wata doka ta daban mai kula da manyan kamfanonin fasaha. Jaridu da yawa a Turai su ma haka suke yi, kuma ina jin uzurinsu, aikin jarida yana cin kuɗi, amma bai kwanta min ba a ce sirri sai mai hali.

Abin da ya rage a hannunka ba shi da yawa amma yana da amfani. In akwatin ya fito nemi ƙin duka, ko yarda da na dole kaɗai, mafi yawan lokaci shafin zai yi aiki yadda ya saba. In ka shiga saituna ka duba da kyau, wasu suna da wani ɓangare na biyu da suke fakewa da cewa suna da halastacciyar buƙata, a nan za ka tarar an bar maɓallan a kunne, kashe su, don wannan hujjar ba ta maye gurbin yardarka wajen ajiye kukis na talla. A saitin burauza ka toshe kukis na kamfanonin waje. Yanayin ɓoye na burauza kuma kar ya ruɗe ka, babban aikinsa shi ne goge tarihi da kukis in ka rufe, shafin da kamfanin da ya ba ka intanet duk suna ganin zuwanka. Akwai kuma wata sigina mai suna Global Privacy Control da wasu burauzoji irin su Firefox da Brave suke da ita, ka kunna sau ɗaya ta riƙa gaya wa kowane shafi kar ya sayar da bayananka. A Kalifoniya dole kamfani ya girmama ta, har an ci kamfanin kayan kwalliya na Sephora dala miliyan 1.2 a 2022, kuma rashin girmama siginar yana cikin laifukan da aka lissafa masa.